Rasuwar Fitilun da Deraman Ya Rataya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Mek Senah, matar marigayi Wan Deraman masunci, ta gidan ƙarshe kafin bakin kogi, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar igiyar fitilun barandarmu. Ta rasu ranar Laraba da la'asar, ana tsakiyar ruwan nan da ya kwana huɗu bai ɗauke ba. Shekarunta tara a duniya.

Deraman ne ya kawo ta daga kasuwar Kuala Terengganu, ana saura kwana uku ƙaramar Salla, a leda ɗaya da gishiri da sabon takalmin 'yarmu Rohaya. Na yi masa faɗa, na ce gidan da kwanonsa ke yoyo me ya haɗa shi da kwalliya. Shi kuwa ya je ya ɗauko tsani.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Da ƙwan fitila ɗari ta zo, ja da kore da rawaya. A shekararta ta shida goma sha ɗaya suka mutu daga tsakiya, sauran suka ci gaba da aikinsu ba ƙorafi. Ba ta da surutu. Ɗan akwatinta ne kawai ke cewa tik, tik, idan launi zai canza, kamar mai jan carbi a hankali. Iskar gishiri ta cinye ƙofar gidan nan, ta cinye kekena, ita kuwa ta tsira. Duk ranar da Deraman ya makara a teku har magariba ta kawo kai, da ita yake gane gida tun daga bakin kogi. Yakan ce, "Senah, duk unguwa sun kunna nasu, amma tamu ce kaɗai mai giɓi a tsakiya kamar bakin wata tsohuwa da na sani." Ni kuma in ce to ya je can ya nemi mai cikakken haƙori, mu ga wadda za ta jure warin kifi.

Ba ƙarfinta ne ya kai ta shekara tara ba, kulawarsa ce. Kowace shekara yakan rataya ta ƙarshen azumi, ta yi watan Salla cur kamar ta kowa, sannan ya sauke ta ya naɗe a gwangwanin biskit tun damina na nesa. Inda filoginta ya haɗu da doguwar waya, sai ya yanke gindin gorar ruwa ya kifa a kai, buɗaɗɗen gefen na kallon ƙasa, ya ɗaure can ƙarƙashin kwano. Wayar ma yakan bar ta ta lanƙwaso ƙasa kafin ta kai soket. Ban taɓa tambayar dalili ba. Shekara tara ina riƙe masa tsani ina mita.

Bana ya rataya ta kamar kullum. Kwana tara bayan Salla ya kishingiɗa bayan azahar, bai tashi ba. Watan Salla ya fita, maƙwabta suka sauke nasu, ni na kasa. Da zaren fatsa ya ɗaure ta, ƙulli arba'in da uku irin na masunta, kuma su ne aiki na ƙarshe da hannunsa ya yi wa gidan nan.

Ƙaninsa Wan Mamat, mai gyaran wuta, ya zo mini har sau uku. Ya ce, "Yaya Senah, wannan fa ta cikin ɗaki ce, yayana ne kawai ya iya lallaɓa ta. Ga damina ta kawo jiki, ki bari in sauke miki."

Na ce, "Mamat, ranar da ka ga na je gidanka na taɓa kayanka, sai ka zo ka taɓa nawa."

Ya saɓa tsaninsa ya tafi.

Ciwon ajalinta ni na jawo mata, ba zan ɓoye ba. Da hadari ya fara haɗowa na dubi gorar nan a buɗe ta ƙasa, na ce wannan ai sakaci ne irin na maza. Na cire ta, na naɗe mahaɗin da leda ninki uku, na ɗaure tam da roba, na koma gefe ina yaba wa kaina. Ashe ruwa zai bi waya ya shiga, ya rasa ta inda zai fita. Ta fara ƙyaftawa babu kan gado, tik ɗinta ya koma zzz. Ina ji da kunnena, na ce sanyi ne.

Ranar Laraba Rohaya, wadda ta dawo gida haihuwa da cikin wata takwas, ta fita kwashe zannuwan da feshin ruwa ke jiƙawa. Ta dafa ƙarfen barandar da ledar ke jingine da shi. Wuta ta fizge ta, ta zauna daɓas a kan katako. Na ji tas, sai warin ƙonanniyar roba. Da rarrafe na isa gare ta.

Ta dafe cikinta ta ce, "Mama, ba ya motsi."

Na ɗora hannuna a kan nata. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba, ruwa na dukanmu. Duk addu'ar da na sani ta gudu, sunan Allah kawai nake maimaitawa. Can sai ɗan cikin ya harba, ya sake harbawa. Ungozoma ta duba su a asibiti ta ce duka biyun lafiya lau.

Mamat ne ya tabbatar da rasuwar. Ya kwance ledar, baƙin ruwa ya zubo kusan rabin kofi. Bai ce ai ya faɗa mini ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Rohaya ce ta yi magana a hankali: "Mama, da mahaifina na nan da tuni ya sauke ta." Gaskiya ta faɗa. Na riƙe ƙullinsa, na saki koyarwarsa, na kusa rasa mutum biyu a kan haka.

Marigayiyar ta bar doguwar waya ɗaya, ita ma tana jinya a wurin Mamat. Ta bar gwangwanin biskit, da tsani, da gorar da na jefar na sake tsintowa a ƙarƙashin gidanmu mai ƙafafun katako. Ta bar tsaka uku da suka saba cin ƙwari a haskenta, har yanzu suna fitowa da magariba su tsaya. Ta kuma bar ni. Duk wanda tasa ke rataye a waje cikin wannan ruwa, don Allah ya kashe wuta ya sauke ta yau, kada ya jira sai an zo masa sau uku.

Za a yi mata sutura ranar Juma'a bayan la'asar, idan ruwa ya tsagaita. Mamat zai kashe wutar gidan daga mita, kuma shi zai riƙe tsani. Za a naɗe ta a gwangwaninta, a ajiye a saman kabad kusa da hular Deraman. Akwai shayi da soyayyiyar ayaba. Kada a kawo mini sabbin fitilu, kada kuma kowa ya zo da almakashi ko wuƙa. Ni zan hau, da farcena zan kwance su ɗaya bayan ɗaya, duka arba'in da ukun. Mai sauri ya sha shayinsa ya tafi, don Deraman bai taɓa yin ƙullin da ke kwancewa da wuri ba.