Ranar da Na Kai Surukina Asibiti da Katina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai surukina asibiti ba, domin har yau in na tuna sai gumi ya keto mini.

Ni malamin firamare ne a Malumfashi. Shekarar da aka sa mu a tsarin inshorar lafiya aka ba ni kati mai hotona, sai na ji kamar an naɗa ni kansila. Takardar bayanin da aka haɗo da shi kuwa ban karanta ba (ni da kullum nake buga tebur ina cewa yara su karanta tambaya kafin su amsa). Abin da na riƙe kawai shi ne "kai da iyalinka". A wurina kuwa, duk wanda muka taɓa cin tuwo tare iyalina ne.

Ana nan muka je Dayi gaida mahaifin matata Hadiza, muka tarar idonsa na hagu ya yi jawur yana zubar da ruwa, ga girbin masara ya matso. Hankalin Hadiza ya tashi. Nan na gyara zama a gaban yayyenta maza, na ce, "Baba, ai wannan ƙaramin abu ne. Ina da kati, ko sisi ba za a kashe ba."

Ya ce, "To Malam, Allah ya yi albarka. Amma dai..."

Na ce, "Baba, don Allah kada ka ce komai."

Ranar Talata da na zo da mota, ashe labari ya zaga unguwa. Ga ƙanwar Baba, Gwaggo Asabe, mai ciwon gwiwa, ga wani maƙwabci mai tari. Na kwashe su duka (har ina tambaya ko akwai saura).

Asibiti cike yake da mutane. Da layi ya zo kanmu na ɗora katin a tebur ina wani ɗaga kafaɗa. Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta, ta dubi tsofaffin nan uku, ta ce, "Malam, wace ce Hadiza a cikinsu? Wane ne kuma ɗanka Abba mai shekara shida?"

Wurin ya ɗauki dariya. Ta yi mini bayani a hankali cewa katin nawa ne da matata da 'ya'yan da na rubuta, iyaye da sauran dangi sai an yi musu tasu rajistar daban. Na ɗauke katina na mayar aljihu.

Sai Baba ya cire hularsa, ya zaro wani kati daga ciki. "'Yar nan, duba wannan."

Ashe ƙungiyarsu ta manoma ta yi musu rajista tun bara! Ya matso kusa da ni ya rage murya. "Na so in gaya maka, Malam, sai na ga ranka ya yi fari, na ce bari in ƙyale ka."

An duba idon, aka ba shi magani, kuma da Baba aka yi girbi. Gwaggo da maƙwabci kuwa, zagayawa na yi a ɓoye na biya musu daga aljihuna. A hanyar komawa Gwaggo ta ce, "Kai, katin nan naka akwai albarka!" Baba ya juya yana kallon gonaki, kafaɗunsa na rawa saboda dariya.

Tun daga ranar na gane cewa in suruki ya yi shiru yana maka murmushi, ba lallai burge shi ka yi ba. Wataƙila tausayinka yake ji.