Farfesa Sifili-Ekis da Ƙwan Surukarsa

Allah ya ja zamanin Farfesa Sifili-Ekis, gwanin da bai taɓa shiga jami'a ba sai don gyaran soket. Shi ne ya haɗa ƙwaƙwalwar kwamfuta da hannunsa a kan teburin gugar matarsa, wayoyi cakuɗe kamar saƙar gizo, har ya ƙirƙira mata harshen da zai riƙa ba ta umarni.

A wannan harshe, lamba tsirara ƙirgen goma-goma ce, irin namu na talakawa. In aka maƙala mata 0x a gaba, ta koma ƙirgen sha shida-sha shida, darajarta ta canza. Farfesa kuwa ya ɗauki 0x tamkar hula.

"Goma-goma ƙirgen masu lissafi da yatsu ne," in ji shi, yana gyara tabarau. "Ni lambata ba ta fita kai ba hula."

Ana nan sai surukarsa, mai kiwon kaji, ta ce za ta sayi injin ƙyanƙyasa. Farfesa ya ce haram, yana raye? Ya kwashe ƙwanta kaf, ya jera a tsohon firij, ya sa ƙwan lantarki, ya ɗora ƙwaƙwalwar kwamfutarsa ta kula da zafi. Ƙwai na son zafi digiri talatin da takwas. Ya zauna ya buga 38, ya dube ta, ya ga ta yi masa kama da 'yar talakawa. Ya sa mata hula: 0x38.

Na'ura ba ta san fadanci ba. A ƙirgenta, wannan hamsin da shida ne.

Matarsa ta ce, "Maigida, firijin nan fa ba ya taɓuwa." Ya ce zafin ilimi ne. Ta kawo ma'aunin zafi, ya ce kada a raina masa injin.

Ranar ƙyanƙyasa ya tara maƙwabta, ya yi jawabi kan makomar ɗan'adam, sannan ya buɗe firij. Tsit. Ko "tsiyau" ɗaya babu. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa, amma maƙwabta sun ji na firij.

"Na'urar ba ta yi kuskure ba," in ji Farfesa, gumi na zuba. "Abin da na rubuta shi ta yi."

Surukar ta ɗauki ƙwai guda, ta ƙwanƙwasa a bango, ta ɓare. Ta daɗe tana kallon ƙwan. Ba ta dubi surukin ba, sai ta juya wajen 'yarta.

"Ki yi wa mijinki sannu da girki. Ki tambaye shi ko injin yana zuba gishiri."