Bargo a Kan Madubin Injiniya

"…lafiya lau, angona. Ka karya kuwa, ko yau ma iska za ka sha?"

Kaka ce ke tsokanar jikanta, shi kuwa yana ta ɗaga waya sama. Tun da maƙwabci ya gina bene, saƙon tauraron ɗan'adam ya daina shigowa gidan Kaka. Shi ne jikan nata, injiniya, ya kafa wani faifai a kan rufi, mai ƙananan ƙwayoyi da ake saitawa da kwamfuta, su tare saƙon su karkato shi cikin gida. Ya ce mata madubi ne, amma na saƙo. Yau ƙarfe goma shugabansa zai zo gani, in abin ya yi a tabbatar masa da aikinsa. Ga shi tara da rabi, waya shiru.

"Tsohuwa, wa ya hau rufin nan?"

"Da wace gwiwar?"

"Na ga tsani a jingine."

"Tsani ai ba ya shaida."

Ya hau. Ya tarar da faifan lulluɓe da bargo, an ɗaure shi tam da igiyar shanya. Ruwan jiya, wanda ya zo har da ƙanƙara, ya jiƙa shi sharkaf. Daga ƙasa Kaka ta yi bayanin cewa hadari ta gani, kuma tun tana yarinya ba a barin madubi a buɗe ana walƙiya.

"Shekara biyar a jami'a ba a koya maka wannan ba? Jaki da kayan littattafai."

"Wanda ya auri 'yar shekara tamanin ai dama ba hankali gare shi ba. Jiƙaƙƙen bargo shanye saƙo yake yi, Kaka. An aiko daga sama, kin sauke shi a bargonki."

"Baƙo ne. A bar shi cikin ruwa?"

"Sakinki zan yi."

"Sami aikin tukuna. Mai zaman banza ba ya saki, sakinsa ake yi."

Ya kwance bargon, ya sake saiti. Nan take saƙonni suka yi ta shigowa, na farko daga shugaban: yana ƙofar gida.

Shugaban ya duba, ya gamsu, ya ce aiki ya tabbata. Abin da ya fi burge shi, in ji shi, faifan ya sha ƙanƙara bai ko ƙwarzane ba. Ya tambayi wace irin kariya aka yi masa.

Injiniya ya dubi bargon da ke ɗiga a kan igiya. Kaka ta dubi injiniya.

"Gaya masa mana, angona."

"Fasahar uwargida ce, ranka ya daɗe," ya ce, dariya na ƙwace masa.

"Na bar maka bargon," in ji Kaka. "Ka wanke shi."