Ranar da Shamuwa Suka Jefa Ni Rumbun Kawu

Ba zan taɓa mantawa da damunar da na gama aji uku na sakandare ba, don a cikinta na faɗa rumbun Kawu Bello a Gwandu, da kyamara rataye a wuyana.

Kakata ce sila. Ciwon ƙafa ya sa aka ɗauko ta daga Gwandu zuwa gidanmu a Kalgo, kuma tun da hadari ya fara haɗuwa tambayarta ɗaya ce: shamuwa sun dawo kan tsamiyar gidanta? Tsoronta kada su zo su tarar ba ta nan, su yi fushi su sake gida.

Ni kuwa da bakina (wanda ba ya shawara da ni) na ce, "Kaka, ki bar damun mutane. Hotonsu zan kawo miki." Na ari kyamarar yayana, na shiga mota.

A Gwandu na samu shamuwan can ƙololuwar tsamiya, amma gari ya lumshe, ko ɗigon rana babu. Dama yayana ya ja kunnena cewa in babu rana sai an tsaya cak, an riƙe numfashi. Kawu ma ya ce, "Dakata ɗiyata, da la'asar suna sauka fadama kiwo, har kusa da ke za su zo."

Na ce, "Kawu, ni ba ni da lokacin jiran tsuntsu."

Na jingina tsani na haye rumbu. Ashe an ɗauke jinkar za a gyara, tabarma kawai aka rufe bakin da ita. Ina ɗaga kyamara na taka ta. Farkon damina ne, hatsi ya yi ƙasa, don haka ni ma har ƙasa na kai. Da igiyar guga aka jawo ni, kaina duk ƙaiƙayi, matan gida na dariya har da riƙe ciki. Kawu bai yi dariya ba (wannan ya fi ciwo). Cewa kawai ya yi, "'Yar boko, an samu hoton?"

Da aka wanko hotunan da na ɗauka a Birnin Kebbi, duk toka ce, sai guda: sama a karkace, reshe ɗaya, da baƙaƙen ɗigo uku. Shi ne wanda na danna ina faɗuwa.

Na miƙa wa Kaka hoton, kaina a sunkuye. Ta kai shi dab da hancinta, ta daɗe tana kallo.

"Ga su nan," in ji ta a hankali. "Waccan ta gefe ita ce mafaɗaciyar. Ashe ba su yi fushi ba."

Ta share ido da bakin zane, ta tura hoton ƙarƙashin matashi, sannan ta dube ni. "Ke kuma, ƙawata, an ce har kin yi sheƙa a rumbu?"

A ranar na gane cewa hoto ba sai ya fito ba in mai kallonsa ya riga ya san abin da ke ciki. Haƙuri kuwa har yau ina nemansa, amma yanzu a ƙasa nake tsayawa in nema.