Takalmin Surukina a Ranar Tseren Keke

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da masu tseren keke suka ratsa Illela za su tsallaka Ƙonni. Tun da aka fara shela a rediyo nake ta saƙe-saƙe. Mu nan babur muka sani, wanda ake labta wa buhuna har a nemi direban a rasa. To wane irin mutum ne zai taso tun daga Sakkwato a kan keke, ba kaya ba saƙo, don kawai ya riga wani isa?

Wanda ya fi ni ɗoki shi ne Baba. Gyaran keke ya yi duk rayuwarsa, da shi ya ciyar da mu, har ciwon ƙafa ya zaunar da shi a zaure. An gaya masa tayar waɗannan kekuna ba ta fi yatsa kauri ba, ya ce shi sai ya gani da idonsa.

"Tunda ban iya hita, ka ɗauko min su cikin wayag ga taka," in ji shi. "Taya da sarƙa kawai nika son gani."

Na bugi ƙirji na ce har gumin goshinsu zai gani. (Ni fa a lokacin ji nake duk Illela ba wanda ya kai ni iya ɗaukar hoto, don an taɓa yaba wani da na yi wa ragon suna.)

Da hantsi na kama wuri a bakin titi, kusa da rumfar 'yan canji. Jama'a maƙil, kowa da tambayarsa. Wani na son ya san ko jami'an kan iyaka za su tsayar da su bincike. Wani ya rantse aske gashin ƙafa suke yi don iska ta wuce. Ni kuwa abin da ya dame ni shi ne yadda ƙato zai zauna kan sirdin da bai kai ludayi ba, ya yi doguwar tafiya, kuma ya sauka da ƙafafunsa. Can sai jiniya. Baburan rakiya suka wuce, aka fara ihu daga can ƙasan titi. Na danna ɗaukar bidiyo, na gyara tsayuwa.

"A'a! Wa nika gani kamar mijin Hadiza?"

Surukina ne, Alhaji, ya shigo daga Gidan Katta cin kasuwa, yana tsaye daidai bayana. Wanda ya san garinmu ya san ba a gaida suruki a tsaye, balle ta ƙeya. Kafin in yi tunani ƙafata ta fita daga takalmi, na juya wa titi baya, na durƙusa, kai a ƙasa. Amma da yake ni mai dabara ne (a ganina), sai na soke wayar ta ƙarƙashin hammata, wai tana kallon hanya.

Alhaji kuwa ba ya gaisuwar gaggawa. Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi ƙafar Baba, ya shiga ba ni labarin tsutsar da ta faɗa wa albasarsa. Muna cikin albasa na ji wani "fuuu" a bayana kamar tashin tantabaru, iska ta kaɗa mini riga, gari ya ɗauki sowa. Wallahi wuyana har ƙaiƙayi yake in waiwaya, amma ina!

Alhaji ya leƙa ta saman kaina, ya taɓe baki. "Kai ma kallon wanga shirme kaz zo?"

"A'a, ranka ya daɗe, wucewa nika yi," in ji ni. "Ni da girmana mi zan yi da keke? Ai abin yara na."

Da ya sallame ni, titi ba kowa sai motar asibiti da ke bin baya. Ban duba abin da na ɗauka ba. Na ce wa kaina rana ce ta haske fuskar wayar, alhali tsoro nake ji.

A zaure na tarar Baba ya tara abokansa, ya sa tabarau, an matsa mini wuri a tabarma. Na miƙa masa wayar na kunna. Ashe da na durƙusa ta sulale ta kalli ƙasa. Tun daga farko har ƙarshe takalmin Alhaji ne ya cika fuskar, da babban yatsansa yana motsi. Ga muryata kuma tar: "Lahiya lau. Lahiya lau, ranka ya daɗe." Tsofaffi suka fara ƙyaƙyatawa, ni ma na taya su don in rage zafi. Na manta da sauran zancen sai da na ji shi ya fito daga wayar, a hannun Baba: "Mi zan yi da keke? Ai abin yara na."

Dariya ta ɗauke. Na so ƙasa ta tsage in shige. Baba ya cire tabarau, ya ninke shi a hankali, ya miƙo mini wayar.

"Takalmin Alhaji na da kyau," ya ce. "Naka na hwarko ma ya yi kyau. Abin yaran nan yas saya maka shi."

Ban iya cin tuwo a gabansa ba ranar. Kekunan dai har yau Baba bai gan su ba, ni ma jin su kawai na yi da baya. Abin da na koya shi ne, in za ka durƙusa wa uban matarka, ka durƙusa da gwiwarka kawai, kada ka haɗa da naka uban. In kuma bakinka ba ya jin magana irin nawa, to ka fara kashe waya.