Ilu Tela Ya Shiga Duniya

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki kasuwar Ringim ya san Ilu Tela, mutumin da ya yi furfura a kan keken ɗinki. Hannunsa da kyau, wannan ba a musu. Alkawarinsa ne dai ko shi kansa ba ya jingina da shi. In ya ce maka jibi, to ka je ka wanke tsohuwar rigarka. Saboda haka rayuwarsa kaf a cikin tambaya ɗaya ya yi ta: "Ilu, an gama?" A shago a tambaye shi, a masallaci yana sallame salla a tambaye shi, har a wurin jana'iza an taɓa matsowa an raɗa masa ita a kunne. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, to zaman me yake yi? Bayan wata ƙaramar Salla da ya yi jajiberinta a ɓoye a ƙarƙashin teburin yanka, sai ya ce ya gaji. Ya sayar da kekunan, ya mayar wa mai shago makullinsa, ya sayi babur sabo fil, ya ɗaura tabarma da buta da 'yar tukunya a baya. Burinsa ɗaya tak a duniya: ya wayi gari a inda babu mai jiransa.

Da a nan ya tayar da babur ya yi gaba, da shi ke nan. Amma Ilu ɗan gari ne mai kunya, ba zai iya ficewa ba sallama kamar wanda ya yi sata ba. Sai ya shiga bin gidaje yana sallama da neman gafara, kuma a nan ya tafka kuskuren.

Gidan farko na yayarsa ne, Yaya Tabawa, wadda ta goye shi yana jariri kuma har yau ba ta yarda ya sauka ba.

Ta ce, "Ina za ka?"

Ya wani buɗe hannuwa ya ce, "Ko'ina, Yaya. Gabas, yamma, duk inda hanya ta miƙe."

Ya zaci za ta sa kuka ko ta hana shi. Sai ya ga fuskarta ta washe.

"Ko'ina? Ashe har da Azare ke nan."

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin daddawa da na kuka, ta ce ya miƙa wa 'yarta Lantana da ke aure a can.

To, wanda ya ce Kano za shi, masu dangi a Kano ne kaɗai za su ba shi saƙo. Wanda ya ce ko'ina za shi kuwa, ya ɗebo wa kansa. Kafin la'asar labari ya gama gari. Wannan na da ɗa a makarantar kwana a Haɗeja, ga garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Waccan ƙanwarta ta haihu a Nguru, ga turmin atamfa da yajin jego. Wani dattijo ya kawo zabi a kwando, ya ce na surukinsa ne a Misau, ya ƙara da cewa a riƙa ba su ruwa a hanya. Kowa ya miƙo nasa sai ya ce, "Ai a kan hanyarka ne." Ilu ya rasa bakin musu, tunda shi da kansa ya ce duk hanyoyin nasa ne. Ranar tafiya aka yi masa rakiya har bakin gari, aka yi addu'a har da masu hawaye. Babur ya cika fam, ba a hango komai na mai shi sai hula. Tabarmar ma sai barin ta ya yi, don ba ta sami wuri ba.

Kada a zalunce shi, ya ɗanɗana abin da ya fito nema. Da ya bar gari ya hau titi sosai, iska ta cika masa riga, fadama ta miƙe kore shar hagu da dama, Ilu ya ji wani daɗi ya taso masa tun daga ciki. Ya buɗe baki ya kurma ihu shi kaɗai, zabin suka amsa masa. Tun yana saurayi rabonsa da farin ciki irin wannan. Ana cikin haka waya ta yi ƙara a aljihu. Ya tsaya a gefen hanya ya ɗauka.

"Ilu, ka kai?"

Tsohuwar tambayar ce, riga kawai ta sauya, kuma ta biyo shi har kan titi. Kafin ya isa Haɗeja an kira shi ya fi a ƙirga, har mai zabi ya kira yana tambayar ko sun sha ruwa.

Kuma kai saƙo ba miƙawa ba ce a juya. Sai an shiga da kai, an gaisa, an kawo fura, ka faɗi wanda ya rasu da wadda ta haihu, ka jira maigida ya dawo daga kasuwa don kada ya ji ka zo ba ku haɗu ba. In ka miƙe za ka tafi, sai a ce ai ba a mayar da ɗan aike hannu banza. Lantana ta ɗauko jarkar man gyaɗa ta ce ta Innarta ce. Surukin Misau ya ɗaure masa 'yar akuya a mazaunin baya. A Nguru mai jego ta sa aka cika masa kwali da busasshen kifi.

Ya ce da ita, "Ni fa ba komawa zan yi ba. Na bar Ringim ke nan."

Ta ce, "Ayya, Baba Ilu. To kifin ya lalace ke nan?"

Haka mutumin da aka yi wa bankwana da hawaye ya dawo gari kafin wata ya ƙare, yana ƙarnin kifi, akuya na cin gefen rigarsa. Da ya sake fita, kayan sun fi na farko, don yanzu an tabbatar yana kaiwa. Da ya fita na uku, har daga ƙauyuka aka riƙa kawowa. Zauren gidansa ya koma tasha, mata na aiko da ƙulli an ɗaure da tsumma, wasu ma ba sa faɗin na wane ne, wai ai ya san gidan. Shi da ya yi niyyar ganin teku da idonsa da kwana a gindin dutsen da bai san sunansa ba, bai ga komai ba sai zaurukan surukan mutanen Ringim. Abin ya ƙona masa rai ƙwarai. Ya ga in bai yi da gaske ba, a haka zai tsufa, ya sayar da sana'arsa ya sayi wahala da kuɗinsa.

Sai ya yanke shawara: wannan karon ba sallama. Bai gaya wa kowa ba. Ya cire layin wayarsa ya jefa a randa. Ya ɗaure tabarmarsa da butarsa, ya jira tsakar rana, lokacin da ko kaza ta nemi inuwa. Bai ko tayar da babur ba, turawa ya yi ta lungu ta lungu, gumi na zuba, yana waiwaye. Da ya hango ƙarshen gidaje, sai ya haye babur. Ya ɗora ƙafa zai buga ke nan, sai ya ji an yi gyaran murya.

A gindin darbejiyar bakin hanya, ga Yaya Tabawa zaune ta yafa mayafi. A gefenta sabon turmi ne ƙato da taɓaryarsa.

Ta ce, "Ka daɗe. Tun hantsi nake nan."

Ƙafarsa ta sauko da kanta. "Yaya, wa ya gaya miki?"

"Jiya ka wanke babur, ka je wurin mai faci ka ƙara iska. Sai an gaya mini? Zo ka ɗaura wannan. Na jikata ne da za a kai Gumel. Ka sa taɓaryar a tsaye, kada ka make mutane."

Ilu bai taɓa yi wa yayarsa musu ba tunda aka haife shi, amma ranar abin ya kai masa wuya.

"Yaya, don girman Allah ki dube ni. Na sayar da kekunana. Na bar shago, na bar sana'ar da na tashi a cikinta, na bar gida, na bar komai. Yau ba ni da aiki, ba ni da ubangida, ba ni da inda dole sai na je. Duk don in huta na yi haka. Me ya sa sai ni? Garin nan cike yake da mutane!"

Yaya Tabawa ta saurare shi har ya gama. Ta gyara mayafinta, ta tura masa turmin da ƙafa.

"To wa kake so in aika, Ilu? Su ai kowa yana da abin yi."