Wayar Busha Ta Daina Ƙara

"Lafiya lau muka yini. A'a, wa nake gani kamar dillalin nan da bai taɓa sayar da ko akurkin kaza ba?"

Da wannan Wanda Zielinski ta tari jikanta Darren tun bai gama goge takalmi a bakin ƙofa ba. Shekararta tamanin da ɗaya, kuma a duk unguwarsu da ke birnin Toledo ba a taɓa kayar da ita a baki ba. Jikokinta Busha suke ce mata. Darren ya bi ta kicin yana murmushin yaƙe, don yau roƙo ya kawo shi. Wata huɗu ke nan da ya karɓi lasisin dillancin gidaje, ko gida ɗaya bai kawo wa ofis ba, shugabarsu kuma ta gaya masa idan watan nan ya mutu a haka ya kwashe kayan teburinsa. Ga gidan tsoho Harlan nan jikin na Busha a kulle, mai shi ya koma wurin 'yarsa a Dayton. Sai dai lambar Harlan tana cikin rajistar gwamnati ta waɗanda ba sa son 'yan talla su kira su, dillalin da ya kira shi kuwa tara ce za ta hau kansa.

"Busha, ashe kina nan? Na ɗauka 'yan gidan tarihi sun zo sun ɗauke ki."

"Sun zo. Na ce su dawo ranar da za ka zo su haɗa mu, a rubuta a ƙasanka: mutumin da ya kasa sayar da gida a garin da kowa ke neman gida."

"Ai ba laifina ba ne. A ba ni sunaye ɗari in kira, kwamfuta ta goge tamanin, wai suna cikin rajista. Sauran ashirin ɗin, rabi sun mutu, rabi su zage ni."

"Matattun ma da za su ji muryarka da sun zage ka."

Ya kai hannu farantin pierogi, 'yan ƙullin fulawa masu haɗi a ciki da take soyawa, ta make shi da bayan cokali. Ya hura yatsunsa, ya ja kujera ya zauna.

"Harlan nake so ki kira mini. Ke maƙwabciyarsa ce, doka ba ta hana ki ba. Ya ba ni izini a rubuce, sai ni in kira shi."

"Ikon Allah. Dokar da ka ƙaƙaba mini ce yau ta juyo ta cije ka?"

"Wace doka na ƙaƙaba miki?"

Ta nuna masa bango da cokalin. Tsohuwar wayarta ce mai igiya, wadda ta girme shi. Sai ya tuna: bara shi da kansa ya saka lambarta a rajistar, har yana jin ya yi abin kirki.

"Haba tsohuwa, ai taimakonki na yi. Sau goma a rana suke damunki."

"Wa ya ce maka damuna suke?"

Darren ya gyara zama. Shi dai tun da ya fara aikin nan bai taɓa jin wanda ya yi kewar masu talla ba, kuma abin ya ba shi sha'awa har ya manta da Harlan.

"Tsaya. Kina nufin ɗauka kike yi?"

"Ina ɗauka mana. Akwai wata Priscilla, dillaliya daga Cleveland, duk Talata sai ta kira. Ɗanta asma ke damunsa. Akwai wani mai sayar da tagogi, ni na koya masa dafa kabeji, matarsa ta gudu ta bar shi da tukwane."

"Minti nawa kuke yi?"

"Arba'in, idan ina sauri."

"Kin taɓa sayen wani abu?"

"Ka ga alamar hauka a jikina?"

"To ita Priscillar me kike ce mata?"

"Cewa nake ina gab da yanke shawarar sayar da gidan. Shekara shida ina gab."

"Busha, wannan ai mugunta ce. Baiwar Allah tana neman abinci, ke kin mai da ita rediyo."

"Ita ta kira, ni na roƙe ta? Kuma sau biyu na haɗa ta da masu sayarwa na gaske. Kai wa ka taɓa haɗawa da wa?"

Ya buɗe baki, ya rufe abinsa da pierogi ɗaya da ya sata.

"Yanzu fa, ba mai kira ko ɗaya?"

"Sai 'yan siyasa, su doka ba ta kama su ba. Su kuma murya ce aka naɗa, ka tambaye ta lafiyar iyali ta ci gaba da surutunta. Sai wani ɓarawo da ya kira watan jiya yana kuka, wai shi jikana ne, 'yan sanda sun kama shi."

"Me kika ce masa?"

"Na ce su riƙe shi da kyau. Amma na so yaron, shi aƙalla ya san lambata."

"To ki ɗauke shi jika mana, ni in huta."

"Na tambaye shi, ya ce sana'arsa tana tafiya. Ka ga har ya fi ka."

Darren ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, don kwana tara suka rage watan ya ƙare. Ya ce, "Busha, da gaske nake. Za su sallame ni."

Ta rage wuta, ta goge hannu, ta jawo durowar cokula ta zaro takarda a ninke.

"Uwarka ta gaya mini tun makon jiya. Ranar Lahadi Harlan ya zo kwasar kayansa, na tsare shi a ƙofar coci, ban sake shi ba sai da ya sa hannu."

Darren ya warware. Ga sunan Harlan, ga lambarsa, ga izini ƙarara. Sai ya lura akwai wata takardar a ƙasa, da rubutun Busha mai karkarwa: Ni Wanda Zielinski na ba jikana Darren izinin ya kira ni a waya kowace rana, kowane lokaci.

"Wannan kuma fa? Ai dokar ba ta shafi jika da kakarsa ba."

"To ni na sani? Na ga mako bakwai ba ka kira ba, na ce ko ita ce ta hana ka."

Kunya ta kama shi sosai. Ita kuwa ta juya tana jujjuya abin da ke cikin kasko kamar ba ta ce komai ba.

"Na sallama, tsohuwa," in ji shi. Ya zaro wayarsa daga aljihu ya danna.

Wayar bango ta ɗauki ƙara. Busha ta bari sai da ta yi uku, don ajinta, sannan ta ɗaga tana hararar sa da dariya a bakinta.

"Wa ke magana? Idan gida kake so in sayar, ina gab da yanke shawara. Amma fara gaya mini, ka ci abinci?"